Hon Biyu a Bakin Ƙofa

"An sace mini Tsohuwa!"

Da wannan maganar dattijon ya faɗo ofishin 'yan sanda ana gab da azahar, hularsa a karkace. Saje, wanda ba ya wasa da rahoton ɓatan mutum, ya jawo littafi ya gyara zama.

"Shekarunta nawa, Baba?"

"Hamsin da biyu."

"Wane irin kaya ne a jikinta?"

"Kore. Ni na fesa mata da hannuna."

Saje ya ajiye biro. Sufeto, da ke tsaye bayan kantar ofishin yana sauraro, ya danne dariyarsa, domin ya ga leɓen dattijon yana rawa. Ashe Tsohuwa motar jif ce ta zamanin da, irin mai hawa dutse da ratsa kogi. A juji Baba Makanike ya tsinto ta, kaji na ƙwai a kujerarta. Shekara tara ya yi yana ɗaura ta ƙusa bayan ƙusa, matarsa na riƙe masa fitila da sifana. Matar ta rasu shekara biyu da suka wuce, motar ta rage.

"Ko wane ne ya ɗauke ta, a ɗaure shi," in ji Baba. "Ko da ni na haife shi."

Ya sa hannu a takardar ƙara. Sufeto ya lura sa hannun ya sauka can ƙasa da layi.

Garejin yana jikin gidan Baba. Ba a fasa kwaɗo ba. Katakon da ake tokare taya yana rataye a ƙusarsa, farantin da ke tare ɗigon baƙin mai an janye shi gefe, har an goge. Sufeto ya daɗe a aikin nan, amma bai taɓa gamuwa da ɓarawo mai ladabi irin wannan ba.

"Wa ke iya tayar da ita?"

"Makulli kaɗai ba ya tayar da Tsohuwa, Yallaɓai. Akwai makunni a ɓoye ƙarƙashin kujera, sannan ka taka totur sau uku. Ban da 'yan gida, Mai Fenti, tsohon yarona, kaɗai ya sani."

"Kai da wa kuke zaune?"

"Ni da 'yata. Nas ce, tun safe tana wurin aiki."

"Kai fa, ina ka je?"

"Gaida aboki."

"Ba ni takardun motar."

Baba ya laluba aljihu ya miƙo kati da ƙarfin gwiwa. Sufeto ya duba. Katin asibitin ido ne, an rubuta masa ganin likita yau ƙarfe goma. Ya ɗago ya kalli dattijon, dattijon kuwa kafaɗar Saje yake kallo yana jiran amsa. Nan Sufeto ya gane inda Baba ya je da safe. Ya sa katin a aljihu, ya ce takardu sun yi.

Tsallaken titi akwai shagon Tela, mutumin da keken ɗinkinsa ke hutawa amma bakinsa ba ya hutawa.

"Na ji fitarta mana! Goma da 'yan mintuna. Ina kan wuyan riga, ban ɗago ba, don na san Baba ne."

"Ba ka gani ba, ta yaya ka sani?"

"Hon, Yallaɓai. Pim, pim. Kullum in zai fita sai ya danna sau biyu a daidai tagar marigayiya, wai sallama ce. Ta rasu ma bai daina ba. Mu har agogo muke saitawa da shi."

"Yau ma an danna?"

"Sau biyu cif."

Sufeto ya fito yana juya maganar. Ɓarawon da ya saci mota da rana tsaka, ya tsaya ya yi wa matar gida sallama.

Mai Fenti suka samu yana goge ƙofar wata tasi. Da ganin kaki ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Wata guda rabona da Tsohuwa, wallahi."

"To wannan gwangwanin koren fentin da bai bushe ba fa? Tasin nan rawaya ce."

Mai Fenti ya kalli gwangwanin kamar yau ya fara ganinsa. Ya share gumi, ya zauna a kan taya.

"Oga ne ya ce in rufa masa asiri. Ranar Litinin ya kwashi bencin da ke ƙofar makarantar firamare. Minti biyar kafin a tashi yara, Yallaɓai. Ya ce shi bai ga benci ba sam. Na buga gefen na shafe."

"Wa ya sani bayan kai?"

Mai Fenti ya ce, "Anti Nas ta shigo ina cikin aikin. Ta tsaya ta kalli wurin, ta juya ta fita."

"In kai ka fita da motar, kana danna hon a ƙofa?"

"Ni? Wannan ai na 'yan gida ne. Ina ni ina yi wa matar Oga hon?"

Sufeto ya buga waya asibitin idon, inda 'yar Baba ke aiki. Aka ce Nas ta yi musayar aiki da wata, yau ba ta leƙo ba. Aka ƙara da cewa ita ce ta karɓar wa mahaifinta katin ganin likita.

Da la'asar ya koma gidan. Baba na zaune kan benci a cikin garejin, a daidai inda motar ke tsayawa. 'Yar ta fito da mayafi, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, idanunta sun kumbura. A kan katanga fararen takalman aikinta ne aka wanke aka kife.

"Ina kika yini?"

"Wurin aiki."

"Kin iya tuƙi?"

"Ƙaramar mota dai. Wannan giyarta ta fi ƙarfina."

Baba ya ɗago da sauri. "Haba Uwata! Ke da na koya wa tun ƙafarki ba ta kai kuloci ba? Yallaɓai, ta fi ni iya..."

Bai ƙarasa ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe. Da Sufeto zai iya, da ya mayar masa da maganar cikinsa, amma aiki aiki ne.

"Kin mayar da katako ƙusarsa," Sufeto ya ce mata a hankali. "Kin goge faranti. Duk wannan Mai Fenti ma zai iya. Amma da kika zo daidai tagar mahaifiyarki, hannunki ya yi abin da ya saba."

Ta dafa bango, ta sulale ta durƙusa.

"Ban ma san na danna ba," ta ce. "Sai da na ji ƙarar."

"Ina motar?"

Ba Sufeto ta amsa wa ba, mahaifinta ta fuskanta.

"Baba, na ɓoye makulli, ka haɗa waya. Na cire batir, ka aro wani. Likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu saura kaɗan, ka ce likita yaro ne. Ka ce ranar Asabar sai ka hau dutsen nan da kuke zuwa da Mama, ko za a mutu. Na ga bencin makarantar, Baba. Na je na gan shi. In na ɓoye ta za ka nemo ta, na san ka."

"Ina take, Uwata?"

"Tsohon ramin da ake fasa dutse, wanda ruwa ya cika." Ta sunkuyar da kai. "Na sa mata ƙaramar giya, wadda ka ce ko ba direba za ta yi tafiyarta. Na sauko. Na bi ta a ƙasa ina riƙe da ƙofa har bakin ruwa, sannan na saki."

Saje ya juya yana karanta kalandar bara da ke bango. Sufeto ya sha kama masu laifi yana jin daɗi, amma na yau ji ya yi kamar shi aka kama.

Baba ya daɗe yana shafa gwiwarsa. Can ya tambaye ta.

"Ta yi gardama?"

"A'a, Baba."

"Injin fa? A ina ya mutu?"

"Sai da ruwa ya kai gilashi."

Ya gyaɗa kai, hawaye na bin furfurar gemunsa. "Ni na ɗaura shi," ya ce. "Uwarki ta riƙe fitila." Ya sa hannu ya share fuska. "Da kin bari na shafa ta ko sau ɗaya."

Kukan da take dannewa tun safe ya ƙwace mata.

"Yallaɓai," in ji Baba, "takardar nan da na sa wa hannu, a yaga ta."

"Ta riga ta shiga littafi, Baba. Gobe ka zo ka janye da bakinka. Yau dole ta bi mu ta rubuta bayani, ta kuma nuna mana wurin."

Saje ya taɓa ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ta miƙe da kanta, ta gyara wa mahaifinta hula, ta gaya masa maganin ɗigawarsa yana kan taga, ƙarfe shida. Ya biyo su har ƙofa yana lalube da bango.

Ta shiga bayan motar 'yan sanda. Sufeto ya tayar, ya fara ja. Ta madubi ya hango dattijon tsaye, ya juya fuska wajen shagon Tela, inda babu kowa sai keke.

"Yallaɓai," ta ce, "don Allah ka danna hon sau biyu. Bai ga mun tafi ba."

Sufeto ya danna. Pim, pim.

Baba Makanike ya juyo, ya ɗaga hannu.