Ruwan Ido a Shagon Jita

Da gajiya ya shiga shagon, takalminsa duk ƙura. Dogo ake ce masa. Da safe yana dakon kaya a kamfani, da yamma yana kaɗa jitar aro a gidajen biki, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Mai wani zauren biki ya ce zai ɗauke shi aiki na dindindin in ya zo da jitar kansa, wadda ba ta gurnani a lasifika.

Auta, 'yar mai shagon, tana goge teburin shagon. Ta ga ya miƙa hannu ga wata ja mai sheƙi.

"Malam, a ina za ka kaɗa ta?"

"Zauren biki."

Ta jona jitar, ta kunna tsohuwar fitila mai dogon ƙwai. Nan take lasifika ta ɗauki gurnani kamar an taɓa gidan zuma.

"Ka ga waɗannan ƙarafan da ke ƙarƙashin tsirkiya? Su ne fikof, su ke ɗaukar sauti. Siririn, tilo, muryarsa garau, amma duk ƙazantar wutar lantarki sai ya kwaso. Mai faɗin, tagwaye ne, muryarsa da kauri, ɗaya na kashe gurnanin ɗaya."

Ta sauko da wata mai ruwan toka, da ƙarzuwa a gefe. Tilo biyu gare ta, tagwaye ɗaya, da makunnin sauyawa.

"Wannan ba ta da kyau, amma ba za ta kunyata ka ba, kuma ba za ta yashe maka aljihu ba."

Ya ce zai yi tunani. Gaskiyar magana, ba jita yake kallo ba.

Haka ya yi ta dawowa. Yau ya gwada tilo, gobe tagwaye, jibi ya ce wuyan jitar ya yi masa kauri. Ya san ranar da ya saya, hujjar zuwa ta ƙare.

Da suka saba, saƙonsa kan shigo wayarta: "Tauraruwata, na sauke buhuna har kafaɗata ta mutu, amma muryarki ta fi man zafi."

Ita kuma: "Dogona, ka ci abinci ka huta. Kuma ka yanke shawara, Baba ya fara ƙirga sawunka."

Baba kuwa ya gama ƙirgawa. Ya ce wa 'yarsa, "Mutumin da ya kasa zaɓen katako da waya, shi zai riƙe gida? Mai ruwan ido ba ya cefane. Ga mai fiyano can, ya shigo ya nuna ya ɗauka, ya kuma aiko yayansa a kanki."

Da Dogo ya dawo, ƙusar da jitar toka ke rataye babu komai. A bakin ƙofa ga mai fiyano yana saka doguwar jaka a mota, yana murmushi. Dogo bai tambayi kowa ba. Ya juya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ya daina zuwa, ya daina amsa waya. Mai zaure ya aiko cewa in mako ya fita zai nemi wani. Dogo ya zauna bakin katifa, ko takalmi bai iya cirewa ba, sai ga saƙo.

"Fushi da wa kake? Abin da ke jakar mai fiyano ƙafar fiyano ce. Jitarka tana bayan buhun shinkafar Inna, ni na ɓoye ta kada a saye. Na gaji da kare ka, Dogona. Ka zo ka kare kanka."

Washegari Dogo ya koma shagon, ya tarar da Baba a kan benci yana gyaran waya.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Yau ma gwaji?"

"A'a, Baba. Saye."

Auta ta fito da jitar, da ɗan garin ƙura a jikinta, ta jona ta. Baba ya tashi, ya kunna fitila, ya kunna fanka, ya jona tsohon firji. Lasifika ta fara gurnani. Dogo ya tura makunni zuwa tagwaye. Shagon ya yi tsit, sai sautin tsirkiya mai kauri.

"Jar nan ta fi kyau," in ji Baba.

"Ta fi, Baba. Amma wannan ce za ta yi aiki da ni. Tun ranar farko na san ita ce. Tsoro nake in na saya, ba ni da dalilin sake taka ƙofar nan."

Auta ta sunkuyar da kai.

Baba ya dube shi. "Wauta ce. Mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa, ba ya zagaye bishiya har rana ta faɗi. Je ka kama aikinka. In ya zauna, ka turo manyanka, su shigo ta ƙofar gida, ba ta shago ba."

Aiki ya zauna. A zauren nan aka yi walimar aurensu, abokinsa ya kaɗa jitar toka, ko sau ɗaya ba ta yi gurnani ba. Ango dai gyangyaɗi yake a kujera, amarya na zungurinsa da gwiwar hannu.

Baba ya dafa kawunansu. "Ku zama tagwaye, in ɗaya ya ɗauki gurnani ɗaya ya kashe. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba 'ya'yanku da ruwan idon ubansu."

Zaure ya amsa da amin.