Uban Yara Tara

Ranar da ta fara ganinsa, a kan bencin 'yan aji ɗaya yake zaune, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Taron iyaye ake yi, na huɗu a wata guda. Majalisa da ofishin gwamna sun ja daga a kan kasafin kuɗi, wata biyar ba a saki komai ga makarantu ba. Rufin ajinta na yoyo, alli ya ƙare, iyaye suka ce sai an rubuta takardar koke.

Kowa magana yake, ba mai sauraro. Wannan ya ce majalisa za a kai, wancan ya ce ma'aikatar ilimi. Shi kuwa sai ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Malama, ina da shagon fotokwafi a bakin titi. Ku kawo in buga muku kyauta."

Ta kalle shi, ta nemi abin da take rubutawa a allo ta rasa.

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "'Yar Alli, na buga hamsin. Na ƙara guda na ajiye, don rubutunki ne."

Ta amsa: "Mai Kwafi, takarda tsada take, ka daina ɓarna." Amma sau nawa ta karanta saƙon, ita kaɗai ta sani.

Tare suka yi ta yawo da takardar. Ma'aikata ta ce su je majalisa, majalisa ta ce kwamiti na hutu, wani mai gadi ya tura su ofishin da aka rufe tun bara. Koken bai sami mai karɓa ba, soyayya dai ta kama su da gaske. Kafin su gano tagar da ake miƙa takardu, ya riga ya nemi izinin turo magabatansa.

To, ita ba ta san a nan ake karɓar koke ba, ashe bayan tagar nan mahaifinta ne ke zaune, akawun rajistar majalisa na shekara ashirin da shida, mutum ɗaya tilo a ginin da ke karanta takarda har ƙarshe. Ranar da suka miƙa, da yamma ya shigo gida, ya shimfiɗa koken a tebur.

"Zo ki karanta mini nan."

A layin da aka rubuta "sunan uwa ko uba", sunan Mai Kwafi ya fito sau bakwai, kowanne da yaronsa a gefe.

"Wannan ne saurayin da kika ce bai taɓa aure ba? To ki ce kada ya turo kowa."

Kanta ya kulle. Babban yaron shekararsa goma sha biyu, shi kuma ashirin da tara ya ce mata. Biyu ma aji ɗaya suke, ba kuma tagwaye ba. Sai a lokacin ta tuna ba ta taɓa tambayarsa wane yaro ya kawo shi taron iyaye ba.

Ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Ashe uba ne kai? Har bakwai? Kada ka sake kirana."

Amsa ta zo nan take: "Tara ne fa, duba bayan takardar. Don Allah ki tsaya in yi bayani."

Ta kashe wayar, ta fashe da kuka. Kwana uku tana koyar da yara baƙaƙe ba tare da ta san me take faɗa ba. Tana son sa, ba ta daina ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Safiyar Asabar aka yi sallama. Ga Mai Kwafi a ƙofa, bayansa direban tasi, ma'aikaciyar jinya, makaniki, mai sayar da kayan miya da wata tela, kowa da yaransa.

Telar ce ta fara. "Baba, laifinmu ne. Taron nan ƙarfe goma na safe ake sa shi, wa zai bar aiki? Muka ce ya sa mana hannu."

Mai Kwafi ya durƙusa. "Takardar ba ta da gurbin maƙwabci, Baba, sai na rubuta sunana a na uba."

Akawun ya ce, "Kai ina naka yaron?"

"Ba ni da ko ɗaya. Takardun jarrabawa na kai wa hedimasta ranar taron, na hango ta a gaban allo, sai kawai na zauna."

Malama na bayan labule, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Mahaifinta ko murmushi bai yi ba.

"Ka san layi ɗaya na ƙarya ya isa a jefar da sa hannun mutum ɗari uku? Allah ya so ban buga mata hatimi ba." Ya ciro biro daga aljihu, ya miƙa wa direban. "Kowa ya rubuta nasa."

Ranar Litinin akawun da kansa ya hau bene ya ajiye koken a teburin sakataren kwamiti. Bayan wata biyu aka amince da kasafin. Ko koken ne ya yi aiki, ko gajiya suka yi da faɗa, har yau ba wanda ya sani. An dai gyara rufin.

Ranar ɗaurin aure yara tara suka kewaye ango suna ta kiransa Baba. Saƙonta ya same shi a tsakiyarsu: "Mai Kwafi na, na yafe, amma daga yau ni zan riƙa riƙe maka biro."

Tsohon akawu ya kama hannun surukinsa, idonsa ya cicciko.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya. Allah ya ba ku na goma, wanda za ka sa wa hannu da gaskiyarka."