Saki Igiyar

Ranar da Zakiyya ta fara ganin Hafizu, cikinta cike yake da ruwan tafkin Jabi, jama'a kuma na tsaye a bakin ruwa suna ɗaukarta a waya suna dariya.

Abuja ba ta da teku, amma wannan bai hana 'ya'yanta hawan igiyar ruwa ba. Idan zafin bazara ya kankama, sai su cika bakin tafkin duk Asabar. Jirgi mai inji zai tsaga ruwan, ya bar wani tudun ruwa yana binsa a baya. Mai hawa zai tsaya a kan allo, ya riƙe igiyar da aka ɗaure a jikin jirgin har ya miƙe, sannan ya sake ta, ruwan ya ci gaba da tura shi.

Jirgin da ke tayar da ruwa mai kyau ɗaya ne tak, na Amir, ɗan wani attajiri a Maitama. Da ɗan yatsa yake nuna wanda zai hau. Waɗanda bai nuna ba sai su kwanta kan allunansu can nesa, suna jiran abin da ya rage ya iso gare su, su yi ta turereniya da zage-zage a kansa. 'Yan ragowa ake ce musu, kuma ba don yabo ba.

Nabilah, abokiyar aikin Zakiyya a kantin magani, ita ta jawo ta wurin. Amir ya ga sabuwar fuska, ya nuna ta. Ta sa doguwar rigar iyo da ƙaramin hijabi, ta hau allon, ta miƙe kamar da gaske, sannan ta kifa. Kowa yana faɗuwa, wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ya ba jama'a dariya shi ne ta ƙi sakin igiyar. Jirgi na jan ta, tana shan ruwa, Amir na kallo bai ce a tsaya ba.

Wani daga cikin 'yan ragowa ne ya yi ta ɗaga murya, "Saki igiyar! Baiwar Allah, saki!" Da ya ga ba ta da niyya, ya bar allonsa, ya tare ta a ruwa, ya ɓamɓare yatsunta da kansa.

A bakin tafki tana tari, tafin hannunta ya saɓule, ya tambaye ta me ya hana ta saki.

Ta ce, "A gidanmu ba a son jin wannan kalmar."

Ya yi dariya, sai ya ga ita ba ta yi ba, ya haɗiye sauran. Wannan shi ne Hafizu, malamin wasanni a wata firamare a Karu. A da shi ma jirgin Amir yake hawa, har ranar da tafin da aka yi masa ya fi na mai jirgin. Tun daga nan ɗan yatsan bai ƙara nuna shi ba.

Ita kuwa Zakiyya gaskiya ta faɗa. Tana ƙarama mahaifinta ya saki mahaifiyarta, Iyatu, saki uku a zama ɗaya, igiyar aure duka ya tsinke, yana cin abincin da ta dafa, yana dariya. Iyatu ta riƙe 'yarta da shagon atamfa a kasuwar Karu, kuma har yau idan ta ji namiji ya ƙyalƙyale da dariya sai fuskarta ta ɗaure.

Washegari saƙo ya shigo wayar Zakiyya:

"Salam. Hafizu ne, wanda ya ƙwace miki igiya jiya. Ya hannu? Ki shafa man kaɗanya. Idan kin huce, ki dawo in koya miki a wurin 'yan ragowa. Ruwanmu kaɗan ne, amma ba mai ɗaukar ki a waya."

Ta karanta ta ajiye, ta ƙara ɗauka ta karanta. Sai da yamma ta ba shi amsa: "Hannu da sauƙi. Man kaɗanya kuma? A kantin magani fa nake aiki, malam. Zan zo."

Ta zo, ta kuma zo. Ya koya mata yadda ake kwanciya a allo a jira, da yadda ake gane ragowar da za ta ɗauki mutum da wadda za ta yaudare shi. Ya raɗa mata suna Agwagwa, wai don tana tafiya a ƙasa kamar ana tilasta mata, amma da ta shiga ruwa sai ta zama sarauniya. Ita kuma ta ce masa Malam Ragowa. Idan an tashi, su sayi masara gasasshiya su zauna kan allonsa, ƙafafunsu cikin ruwa. Zakiyya ta kamu, ba ta kuma yi wa kanta ƙarya ba. Son shi take, irin son da ke sa mutum murmushi shi kaɗai a cikin motar haya.

Wata Asabar ya ce, "Agwagwata, ina so in turo manya."

Ta ce, "Ka fara zuwa ka gaida Umma. In ka tsallake wannan, saura wasa ne."

Ya je da shaddarsa mai guga, ya durƙusa har ƙasa. Iyatu ta dube shi sama da ƙasa, ta tambayi aikinsa da iyayensa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. A wurin Iyatu wannan ma babbar kyauta ce.

Amir bai so Zakiyya ba sai da ya ga ta daina kallon jirginsa. Mutum ne da bai saba a bar layinsa a koma wa ragowa ba. Ya nuna ta da yatsa, ta girgiza kai. Ya aiko Nabilah da turare, ta mayar. Sai ya tono wani tsohon bidiyo, na lokacin da Hafizu ke hawa jirginsa, ya yanke farkonsa da ƙarshensa, ya bar tsakiya. Hafizu ne a zaune, fuskarsa kaɗai ake gani, yana dariya yana cewa, "Ni ai igiya ba ta daɗewa a hannuna. Da na samu abin da nake so, sai in saki. Matsoraci ne ke riƙe igiya."

Nabilah ce ta ba da lambar Iyatu, kuma tun daga ranar ba ta ƙara jiran layi a bakin tafki ba. Bidiyon ya zaga wayoyin 'yan tafki kafin ya isa Karu. Dukkansu sun san wace igiya ake nufi. Ba wanda ya ce uffan, domin zafi ake yi, kuma jirgi ɗaya ne. Har 'yan ragowa, waɗanda Hafizu ya koya wa rabinsu tsayuwa a kan allo, sai ga su suna yi masa kirari da Mai Saki Uku ko Allah zai sa yatsan Oga Amir ya juyo kansu.

Zakiyya ta dawo daga aiki ta tarar da mahaifiyarta tana auna yadi, wayar na gefe. Ta durƙusa ta yi bayani dalla-dalla: jirgi ne, allo ne, igiyar roba ce mai mariƙi, kowa sakinta yake yi. Iyatu ta bar ta ta gama tsaf.

"Kin ɗauka ni sakarya ce? Tun kallon farko na san ba igiyar aure yake nufi ba."

"To Umma, me ya rage?"

"Dariyar. Haka ubanki ya yi ta, har da wannan karkata kan. Ba zan ba da ke ga mai irin wannan bakin ba."

Wannan ya fi ƙarfin bayani. Da ƙarya ce ta raba su, da an wanke ta. To yaya ake wanke mutum daga dariyarsa? Zakiyya ta yi kuka har idonta ya kumbura, Iyatu ta ci gaba da ninke atamfa. Ta kuma ce ba tafki, ba Hafizu, in dai ita ta haife ta.

Saƙonsa ya zo: "Agwagwata, kar ki yi faɗa da Umma saboda ni. Ba zan nemi aurenki ta bayan gida ba. Zan jira. Jira ai sana'ar 'yan ragowa ce."

Ta rubuta masa: "Ba na son ka jira. Ina son ka. Kuma ba zan iya fita gidan nan ba tare da albarkarta ba. Ka gaya min yadda zan yi da waɗannan biyun."

Ya ci gaba da zuwa tafki, yana kwanciya a kan allonsa yana jira.

Amir kuwa ya samu ƙofa. Ya zo shago da kansa, ya rusuna, ya kira Iyatu Mama, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ko haƙorinsa ba ta gani ba. Iyatu ta ce ga yaro mai nutsuwa. Da ya roƙi ta zo ta ga tafkin da idonta, ta ga ba wurin banza ba ne, ta yarda. Ta sa Zakiyya a gaba suka tafi.

Ranar tafkin ya cika fiye da kullum. Aka shimfiɗa wa Iyatu darduma a kujerar jirgi, aka ba ta lemo mai sanyi. Zakiyya ta zauna kusa da ita kamar wadda aka kawo gaisuwar mutuwa. Can nesa ta hango Hafizu kwance a kan allonsa, shi kaɗai, sauran sun ja baya sun bar shi.

Amir ya karɓi tuƙi daga hannun George, direbansa. Ya zaga sau ɗaya a hankali don Mama ta ga gari. A zagaye na biyu ya ce bari ya aika wa Malam Hafizu ragowarsa da hannunsa. George ya ce, "Oga, akwai mutum a gaba," Amir ya ƙara wuta. Ya nufi Hafizu kai tsaye, sai da ya kusa ya murɗe jirgin. Ruwan ya tashi ya ɗaga allon, allon ya juyo ya daki Hafizu a gefen kai.

Da ya ɗago, jini na fita daga kunnensa na hagu, yana lalube kamar bai san ina ne sama ba. A bakin tafki wayoyi suka tashi. Wani ya ce Mai Saki Uku ya sha na huɗu, aka kwashe da dariya. Amir ma ya kasa riƙewa. Ya karkata kai, ya ƙyalƙyale har yana dukan sitiyari.

Iyatu ta daɗe tana kallonsa. Lemon na hannunta, ba ta sha ba, ba ta ajiye ba.

Zakiyya ba ta tsaya neman izini ba. Da abayarta ta faɗa ruwan, ta kamo Hafizu ta wuyan riga, ta ɗora kansa a kan allon. George ne ya miƙo musu hannu. Da suka isa gaɓa, Iyatu na taka ƙasa ta cire mayafinta ta danne wa Hafizu kunnen da shi.

Likita ya ce dodon kunnen ya fashe, ciki ma ya taɓu. Na hagu ba zai ƙara ji ba, kuma ruwa ya haramta gare shi, ko da wasa. Hafizu ya saurara da kunne ɗaya, ya juya fuskarsa bango. Zakiyya ba ta taɓa ganin namiji na kuka ba sauti ba sai ranar. Daga tafki ba wanda ya leƙo asibitin. Asabar ta zagayo, layi ya ƙara tsawo, Amir na nuna mutane da yatsa.

Iyatu ta yi ta aiko da kunu da farfesu, ita ba ta zo ba. Rannan tana ƙirga bandir ɗin atamfa, ba ta ko ɗago ba, ta ce wa Zakiyya ta gaya wa yaron nan ya turo manyansa wurin waliyyinta, Baffa Manniru, a Karshi. Zakiyya ta tsaya tana jiran ƙarin magana. Iyatu ta ce ta matsa, ta tare mata haske.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, farkon damina. Abokan aikinsa malamai suka cika rumfa, 'yan kasuwar Karu suka cika saura. Hafizu ya rame, yana ɗan juya kai duk lokacin da aka yi masa magana, amma da ya hango amaryarsa cikin lalle da leshi sai ya yi murmushi, ya yi saurin rufe baki da hannu don surukarsa na kusa. Zakiyya ta ga wannan, ya yi mata zafi fiye da komai.

Da yamma aka shigo da su ɗaki don sallama. Suka durƙusa gaban Iyatu. Ta yi wa 'yarta nasihar da iyaye ke yi, gajera, ba hawaye. Sannan ta tashi, ta zagaya ta hagun Hafizu. Ta san ko wane kunne ne, ita ta danne shi da mayafinta. Ta sunkuya, ta yi ƙasa da murya.

"Ni na buɗe wa Amir ƙofar da ya bi ya ji maka ciwo. Ka yafe mini, ɗana. Ka yi dariyarka a gidanka."

Hafizu na kallon tabarma, bai san an yi magana ba. Zakiyya ce ta ji, duka.

Iyatu ta miƙe, ta gyara ɗaurinta, ta dawo ta damansa, ta ɗaga murya yadda har na tsakar gida za su ji: "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa mutuwa ce za ta raba. Ka riƙe min ita da kyau."

Ya ce, "Amin, Umma. Na gode."

A mota, hanyar gidansu, ya lura tana share ido. Ya tambaye ta ko Umma ta ce wani abu ne da bai ji ba. Zakiyya ta ce wa direba ya ɗan tsaya. Ta fita da kayan amarcinta, ta zagaya ta ɗaya ƙofar, ta zauna ta damansa, ta faɗa masa kalma bayan kalma.