Minti Biyar a Zauren Malam Sama'ila

"Baba, shi kuma me ya yi?"

Malam Sama'ila bai ɗago daga jaridarsa ba.

"Bai yi komai ba. Abin da ya dame ni ke nan. Minti goma yana durƙushe a zaurena, abin da na samu daga bakinsa shi ne 'ina... ina... ina wuni.' Kafin ya gama har wunin ya kusa ƙarewa."

"I'ina ce da shi, Baba! Haka Allah ya yi shi."

"Allah ya ƙara masa lafiya. A gidan ubansa."

Hafiza ta ajiye kwanon tuwon da ƙarfin da bai kamaci kwano ba.

Shekara talatin da biyar Malam Sama'ila ya yi yana koyar da rubutu da magana a sakandare kafin ya yi ritaya. Duk gasar muhawarar da aka yi tsakanin makarantun Makarfi, Kudan da Ikara, shi ake sakawa alƙali, saboda an san ba ya son kowa. Shekara huɗu ke nan da rasuwar matarsa Aishatu, gidan ya rage daga shi sai autarsa Hafiza. A cikin shekarun nan ya kori manema biyu. Na farko ya ce "a gaskiya" sau goma sha ɗaya a zama ɗaya, Malam ya ƙirga. Na biyu ya yi magana mai daɗi ta rabin awa, Malam ya ce ya laluba bai samu komai a ciki ba.

Waɗancan Hafiza ba ta yi musu kuka ba. Zayyad ne na uku, mai gyaran injin ban-ruwa daga Nasarawan Doya, kuma shi take so.

"Jiya ka mayar da kawunsa da goronsa," ta ce. "Dattijo guda! Ya ce in aka sake yi musu haka ba za su ƙara taka zauren nan ba."

"To kada a sake. Juma'a ta sama, bayan la'asar, yaron ya zo da kansa. Minti biyar. Ya gaya min dalilin da zai sa in ba shi 'yata, da hujja. In ya iya, shi ke nan."

"A ina aka taɓa yin haka, Baba?"

"A nan za a fara. Ba malamar muhawara ba ce ke? Koya masa."

Da ta kira Zayyad a waya ta gaya masa, sai da ta duba ko layin ya yanke.

"Hafizata... ni? In yi ja... jawabi? A gaban Baba?"

"Kai."

"Ki ce in kwance masa inji in ɗaura ido rufe. Wallahi zan yi."

"Ba shi da inji, Zayyad. Kuma ka sani, in ya ce a'a, ba zan tsallake maganarsa ba. Zan mutu da sonka a cikin gidan nan, amma ba zan tsallake ba."

Can ya ce, "Ƙa... ƙarfe nawa ake shiga ajin?"

Talata da Alhamis bayan an tashi, Hafiza take zama da 'yan ƙungiyar muhawara a makarantar 'yan matan da take koyarwa. Shugabar makarantar tsohuwar ɗalibar Malam Sama'ila ce. Da ta ji labarin ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ba bawan Allah benci, ita ma ta san abin da ke jiran sa.

Haka Zayyad ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur, baƙin mai a faratansa, 'yan mata goma sha biyu na toshe baki da hijabi.

Hafiza a gaban allo wata mace ce daban. Ba ta ɗaga murya, amma ko alli ya faɗi sai an ji. 'Yan matan na shirya takarda a kan ko ya dace a hana ɗalibai zuwa talla ranar kasuwa.

"Da farko, matsayarki," ta ce. "Jimla ɗaya. In ba ta shiga jimla ɗaya ba, ke ma ba ki san abin da kike so ba. Na biyu, hujja. 'Na ji an ce' ba hujja ba ce. Wa ya ce? Yaushe? Kin je kin gani? Ki ɗauki littafi ki shiga kasuwa, ki ƙirga yaran da kika gani da faranti, ki tambayi iyayensu mata. Kuma kada ki tambayi wanda yake son ki kawai, zai gaya miki abin da zai faranta miki ne."

Ta juya ta rubuta na uku, ta ja masa layi biyu.

"Wannan shi ne inda ake gane mai gaskiya. Ki kawo hujjar abokin hamayyarki, mafi ƙarfi, ki faɗe ta fiye da yadda shi zai iya faɗa. Sannan ki amsa ta. Duk wadda ta ɗauko mai rauni don ta ji daɗin turewa, ta yi ha'inci, kuma alƙali yana gani."

Zayyad yana rubutawa kamar ana karanto masa magani.

Takardarsa ta farko shafi biyu ce, duk wata da taurari. Hafiza ta karanta a bakin aji, ta ciji leɓe don kada murmushi ya ɓata mata aiki.

"'Ina son ta kamar raina.' Ina hujja?"

"Hujja?" Ya waiwayi ajin. "Malamata, ina da shekara ta... talatin, ga ni a bencin 'yan mata."

Ta sunkuyar da kai. "Wannan ta zauna. Sauran duk ka goge."

Ta koya masa tsayuwa. Ta ce ya kafa ƙafafunsa, ya daina murza hula. Ta ce in harshe ya sarƙe ya tsaya, ya ja numfashi, kada ya ce a yi haƙuri, don ba bashin kowa harshensa ya ci ba. Ranar Alhamis ta sa shi ya tashi gaban 'yan matan. Jimlar farko ta ɗauke shi kusan minti guda, ba wadda ta yi dariya. Da ya kai ƙarshe suka yi masa tafi har mai shara ta leƙo.

Sashe na uku kuwa, da hannunta ta rubuta masa: hujjar Baba ita ce i'ina, amsa kuma ita ce riƙon mace ba da baki ake yin sa ba.

Ya karanta sau biyu.

"Kin ta... tabbata wannan ce mafi ƙarfi?"

"Ubana ne, Zayyad. Na san shi."

"Ke kika ce kada a tambayi mai son mutum kawai."

"Ka haddace abin da na ba ka, don Allah!"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. A makon sai ta riƙa jin an ga babur ɗinsa a unguwarsu a lokutan da ba wurinta ya zo ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zaure. Kawu Bobbo, kawun Zayyad, ya zauna fuska a ɗaure, kamar wanda aka kawo shaida a shari'ar da ba ta shafe shi ba. Hafiza na bayan ƙofar cikin gida tare da Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinta. Malam Sama'ila ya kwance agogonsa ya ajiye a gabansa.

"Bismillah."

Zayyad ya miƙe. Matsayarsa ta fito a jimla ɗaya, da tuntuɓe biyu, bai ce a yi haƙuri ba. Ya kawo sana'arsa, ya kawo sunayen manoma uku daga Gubuchi zuwa Likoro da za a iya tambaya a kan amanarsa. Hafiza na bin sa da leɓɓanta, kalma bayan kalma.

Sai ta ji ƙarar ninke takarda.

"Yanzu hu... hujjar Baba. An rubuta min cewa i'ina ce. Na bincika, ba ita ba ce."

Hafiza ta damƙe hannun Gwaggo.

"Na je wurin Malam Philemon, da kuka koyar tare shekara ashirin. Ya ce akwai gasar da aka yi a Kudan, Baba ya ba wani yaro na ɗaya, kuma yaron ya fi ni i'ina. Ya ce da aka yi ƙorafi, Baba ya ce shi hujja ya zo ji, ba gu... gudu ba."

Malam Sama'ila ya ɗago kai.

"Na je wurin Gwaggo Hajo. Ta ce tun rasuwar Inna, Baba ba ya cin abinci sai Hafiza na zaune."

Hafiza ta juyo. Gwaggo ta kau da kai, ta ce a hankali, "Tambayata ya yi. In yi masa ƙarya?"

"Na uku, da idona. Kwana huɗu ina wucewa ta nan. Makaranta sai ƙarfe biyu take tashi. Baba yana fitowa ƙofar gida tun ɗaya da rabi, yana ka... kallon hanya."

"Kai, Zayyad!" Kawu Bobbo ya daka masa tsawa. "Surukinka kake tona wa asiri?"

"Bar shi," in ji Malam Sama'ila. Muryarsa ba ta yi kama da tasa ba.

Harshen Zayyad ya sarƙe. Ya tsaya. Hafiza na jin numfashinsa ta cikin ƙofa, ɗaya, biyu, kamar yadda ta koya masa.

"Hujjar Baba ita ce, in na ɗauki Hafiza, gidan nan zai yi shiru. Kuma gaskiya ce. Amsata, ba zan kai ta Nasarawan Doya ba. Na samu gida a nan Makarfi, bayan masallacin unguwa. In ta taso daga makaranta ta biyo nan, ku ci na rana tare, kullum. Amma daga magariba zuwa wayewar gari..." Ya dubi Malam Sama'ila. "Na nemi amsa, Baba. Kwana shida ina nema. Ban samu ba. Wannan ban iya ru... rushe ta ba. Duk da haka ina roƙo a ba ni ita."

Ya durƙusa.

Gwaggo Hajo ta dafe ƙirji. "Innalillahi, yaron nan ya yanka kansa."

Hafiza ba ta ji ta ba. Hawaye ne ke zuba har cikin hijabinta. Shekara huɗu ta san maganar nan. Ita ke ganin kwanon da ake bari a rufe ranar da ta yi latti. Ba ta taɓa iya furtawa ba, ko ga kanta.

Malam Sama'ila ya ɗauki agogonsa, ya daɗe yana kallon sa.

"Minti tara," ya ce. "A gasa da an kaɗa maka ƙararrawa sau biyu. Gabatarwarka ta yi tsawo. Kuma Philemon bakinsa ba ya rufuwa, zan same shi."

Ya ajiye agogon.

"Na saurari yara sun fi dubu. Kowanne in ya zo inda ba shi da amsa sai ya ɗaga murya. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya ce ya kasa ba." Ya gyara gilashinsa, ya sake gyarawa, ko da yake ba abin da ya same shi. "Alhaji Bobbo, goron nan da na mayar muku, kun cinye ne?"

Kawu Bobbo ya gyara zama. "Yana... yana nan, Malam."

"Ashe abin na gida ne. Ku dawo da shi Asabar."

Gwaggo Hajo ta rangaɗa guɗa tun daga bayan ƙofa, har kajin tsakar gida suka watse.

Bayan baƙi sun tafi Malam Sama'ila ya shigo, ya zauna a kujerarsa ta gindin rumfa.

"Malama."

Hafiza ta zo ta durƙusa.

"Ke kika rubuta masa cewa i'ina ce dalilina?"

"Ni ce, Baba."

"Kin san ba ita ba ce."

"Na sani."

"Kika ɗauko mai rauni don ki ji daɗin turewa. Abin da kike koya wa 'ya'yan mutane ke nan?"

"Tsoro na ji, Baba... In na faɗa, sai in kasa tafiya. In na tafi kuma, wa zai..."

Kuka ya ƙwace mata. Ta kifa kanta a gwiwarsa kamar tana 'yar shekara biyar. Hannunsa ya yi ta shawagi a sama, bai san inda ake ajiye shi ba, don wannan aikin Aishatu ne. A ƙarshe ya sauke shi a kanta.

"Kin koyar da shi da kyau," ya ce. "Ya fi malamarsa. Haka ake so."

"Ka yafe min, Baba."

"Ni ne na tsare ki shekara huɗu ina ƙirga wa mutane kalmomi. Wa zai yafe wa wa?"

Ya share idonsa da bakin riga, da sauri, kamar mai korar ƙuda. Ya dubi madafa, inda rabonsa da shiga tun kafin a haife ta.

"Tashi, ya isa haka. Zo ki nuna min yadda ake kunna gas ɗin nan, tun kina gidan."