Ɓawon Gyaɗa a Ƙullin Tashe

Ku matso kusa. Kai Sallau, in ka san za ka jiƙa min tabarma, tashi tun yanzu ka tafi wajen innarka. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce min ta zo mu ji ta. A kaina abin ya faru, ni Lantana, a cikin gidan nan da kuke kwance. Shekara goma sha ɗaya ban gaya wa kowa ba, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba.

Ba ku yi wayo da Iya Hansai ba, kakarmu, wadda ta haifi babanku da innata. A hannunta na tashi. Duk unguwar nan da abu ɗaya aka san ta, kyautar 'yan tashe. Tun watan Sha'aban take fara shiri. Ta soya gyaɗa, ta yi alkaki, ta sayo dabino, ta ƙulle su ƙanana-ƙanana a leda ta cika ƙwarya. Ranar goma ga azumi, idan yara sun fara bin gida-gida da waƙa da gwangwanayensu, wani ya shafa gawayi, wani ya manna gemun auduga, sai ta shimfiɗa tabarma a zaure. Kowane yaro ƙulli ɗaya. Ba ta tambayar ɗan gidan waye, ba ta haska fuskar kowa. Ta fi shekara hamsin tana haka.

Shekarar da nake ba ku labari ƙafarta ta kumbura, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Ta kira ni ta ɗora min ƙwaryar a cinya.

"Sunana ne a ciki," in ji ta. "Ki riƙe min shi da kyau."

Sannan ta nuna min wani ɗan kwano mai murfi, cike da alkakin da ya sha zuma. Ta ce wannan na wasu ne su huɗu. Daren sha huɗu suke zuwa, bayan kowa ya gama wucewa. In miƙa musu da hannu biyu, kuma kada in cika kallonsu. Na ce to, a raina kuwa na ce rigimar tsufa ce.

Lokacin ina da shekara sha shida, kaina na rawa. Akwai wani Mamuda mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Uwani, rufe min bakinki, ke ma kina tafe. Idan ƙannensa suka zo tashe, sai in dumbuza musu uku-uku, huɗu-huɗu, don su kai labari gida cewa Lantana hannunta a sake yake. Kafin daren sha uku gindin ƙwarya ya fito. Kwanon alkakin nan kuwa na ɗauke na tura cikin akwatina, wai zan aika wa mahaifiyar Mamuda na shan ruwa.

To da me zan cika ƙwarya? Na leƙa bayan madafa, ga ɓawon gyaɗar da Iya ta ɓare an tara a kwando. Na zauna na ƙulle shi a baƙar leda, tsaf, kamar yadda take yi. Girma ɗaya, in ka girgiza ƙara ɗaya. Na ce ai yara ne, kafin su kwance sun yi nisa, kuma wa zai tuna ƙullin wane gida ne. Wallahi har daɗi na ji na wayona.

Daren sha huɗu ya zo. An sauko daga asham. Wata ya fito fes, ko allura ka yar za ka gani. Yaran unguwa suka yi ta zuwa, waɗanda na sani na ba su ɗan ragowar na kirki, har suka ɗauke. Layi ya yi tsit. Ina naɗe tabarma sai na lura gyare ya daina kuka. Akuyar maƙwabta da ta wuni tana damun mutane, ita ma ta yi shiru.

Sai na ji waƙa. Babu gwangwani, babu tafi. A hankali take tahowa, kuma ban taɓa jin irinta ba.

Su huɗu ne. Babbansu bai kai kafaɗata ba. Kowa da sanda, kowa da farin gemu. Da yamma na yayyafa ruwa a ƙofar gida, ƙasa ta yi laushi, sawun yara duk ya cika wurin. Waɗannan suka tako ta kai har bakin zaure. Na duba bayansu. Sawu bai ƙaru ba.

Na sani, Sallau, na san malaminku ya ce ana ɗaure shaiɗanu da azumi. Shaiɗanu aka ce. Ba duk mutanen ɓoye ne shaiɗanu ba, akwai masu salla a cikinsu, akwai masu azumi. Kuma ka gaya min, duk shekara yaushe ne za su shiga cikin mutane da gemu da sanda babu mai tambayarsu? Sai lokacin tashe.

Suka yi sallama. Bakin na yara ne, muryar ta tsofaffi. Kuma sai leɓe ya gama motsi sannan maganar take isowa. Na amsa. Na san su ne. Na san inda kwanon yake, taku goma ne tsakanina da akwatin. Amma na riga na yi wa alkakin nan miji. Na sa hannu a ƙwarya na zaro ƙulli huɗu na ɓawo na miƙa.

Babban ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ƙaramin ya tambayi mai ƙwarya, na ce tana ciki, ƙafa ce ta matsa mata. Suka yi mata addu'ar sauƙi, suka juya. Ba su bi layi ba. Suka bi ta bayan kududdufi, hanyar tsohuwar marina, inda tun kafin a haife ni babu mai rini babu mai kwana.

Na shiga ɗaki ina sanɗa, ashe Iya idonta biyu.

"Sun zo?"

"Sun zo, Iya."

"Alkakin kika ba su?"

"Shi na ba su."

Ta yi hamdala. Ta ce tun tana amarya suke zuwa. Shekarar da aka yi yunwa tafin gero ɗaya ta samu ta raba musu, suka karɓa suka gode. Ta ce ba ta san su ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba, abin da ta sani kawai ba su taɓa barin ƙofarta hannu wofi ba. Ta juya ta yi barcinta.

Ni kuwa ina! Na kwanta na tashi, na kwanta na tashi. Da bakin azumi na yi wa matar da ta goya ni ƙarya, ta kuma gode wa Allah a kan ƙaryar. Na buɗe akwati na ɗauko kwanon, na rufe shi da mayafina, na zare sakata. Ban tashi kowa ba. Wa zan tasa, in ce masa me?

Hanyar siririya ce. Kududdufi ya ƙafe, sai tsagaggen laka. Ba na jin komai sai takuna. Da na wuce bishiyar giginya na fara hango ramukan marina, baƙaƙe, a jere. Sai na ji wani abu. Ƙurus. Ƙurus. Ƙurus. Na laɓe bayan wani kango na leƙa.

Suna zaune a bakin rami ɗaya, sun zura ƙafafu ciki suna lilo da su. Diddige a gaba, yatsu a baya. Wata ya haske fuskar babban, na ga gemun. Ba auduga ba ce. Daga fata ya tsiro.

Sun kwance ƙullin a cinyoyinsu. Suna ci.

Ɓawon suke ci, ku ji da kyau. Ɗaya bayan ɗaya, suna taunawa a hankali. Ƙaramin ya fara ƙunƙuni wai yana kartar masa wuya. Babban ya daka masa harara.

"Haɗiye. Hansai ba ta taɓa ba mu abin banza ba. In ta ba mu ɓawo, to ɓawon ne ya rage a gidan."

Wani ya ɗaga ledar ya ce su dubi yadda ta ƙulle shi da kyau don kada a gane babu ce ta same ta. Ya ce da wata ce da tuni ta rufe ƙofa, amma ita ta gwammace ta ba da ɓawo da a ce ta kore su. Suka yi ta sa mata albarka. Ba su bar ko ɗaya ba, har na ƙasa suka tsince.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ja da baya, na taka wani guntun kasko ya fashe. Babu wanda ya waiwayo. Babban ya ce in fito, sun ji ni tun daga kududdufi. Na fito, kwano a ƙarƙashin mayafi, na matse shi a ƙirjina.

Ya dube ni. "'Yar gidan, gaya mana gaskiya. Yunwa ta shiga gidan Hansai?"

To, nan ne wurin. Duk labarin nan saboda wurin nan nake ba ku shi. Abin da ya rage min kawai in yaye mayafi, in ajiye kwanon, in ce ni ce, ita ba ta san komai ba. Don haka na fito, don haka na yi tafiyar. Kuma na rantse muku a lokacin tsoro ya riga ya sake ni. Kallon da suke yi min ne. Kallon tausayi, da girmamawa, irin wanda ake yi wa 'yar mutunci da ta biyo baƙi cikin dare don ta ba su haƙuri. Na kasa jure in ga kallon nan ya canza.

Sai na gyaɗa kai.

Babban ya kwance rawaninsa ya shimfiɗa a ƙasa. Kowa ya zazzage jakarsa a kai, abin da suka samu a yawonsu, gero ne da 'yan dabino. Ya ƙulle ya ɗora min a ka da hannunsa. Hannun sanyi ƙalau. Ya ce in juye mata a tukunyar hatsi, kada in faɗa mata daga ina, don kada ta ji nauyi.

"Daga bana mun ɗauke mata wahala," in ji shi. "Ba za mu sake tsaya mata a ƙofa ba. Tafi, kada ki waiwaya."

Na juya. Na taho da kaya biyu, sadakarsu a kaina, alkakinsu a ƙirjina.

Geron nan muka yi ta ci har bayan Babbar Salla, tukunya ba ta yi ƙasa ba. Iya ta ce albarkar azumi ce. Ni duk ranar da aka dama kunu da shi, sai in ce cikina na ciwo. Alkakin kuwa ban aika ba, ban ci ba, a akwati ya yi hunhuna na binne shi bayan gida. Mamuda ma wata ya aura, kuma ko a jikina. Na koma marina da rana, na koma da magariba, na tsaya bakin ramin na faɗi gaskiya da ƙarfi. Babu kowa sai ƙadangaru.

Da azumi ya zagayo ƙafar Iya ta yi sauƙi, ta karɓi ƙwaryarta ta zauna a zaure da kanta. Daren sha huɗu ta ɗora kwano a cinya tana jira. Yara suka ɗauke. Wata ya karkata. Har mai kiɗan sahur ya wuce tana zaune. Ta ce wataƙila wani uzuri ne ya riƙe su. Shekara ta biyu ma haka, sai dai wannan karon miƙo min kwanon kawai ta yi ta shiga ɗaki.

A ta uku tana kwance ciwon ajali. Ta sa babanku ya ɗauko ta ya kawo ta zaure, ni na zauna kusa da ita ina mata fifita. Can da dare ya raba ta kamo hannuna.

"Lantana, ke kika gan su a ƙarshe. Me na yi musu?"

Na ce, "Ban sani ba, Iya."

Ta ce to Allah ya yafe mata in wani abu ta yi ba da saninta ba. Kwana tara bayan Salla ta rasu, tana ganin laifin nata ne.

Jibi goma ga wata. Uwani, innarki ta ce bana ke za ki riƙe ƙwarya, shi ya sa na kasa yin shiru. Abin da aka ba ki ki bayar, ki bayar da shi. Kuma dukkanku, kada wanda ya kuskura ya bi hanyar marina shi kaɗai, ko da rana tsaka. Ba don za su cuce ku ba, ni ba su taɓa ko gashina ba. Amma da akwai wani tare da ni a daren nan, ko da mai bakin ganga ne irin ku, da ya fizge mayafina ya ce ga kwano nan. Da an tona ni a gabansu na sha kunyar dare ɗaya, tsohuwar nan ta mutu da baƙinta a ƙofa.

Ku kwanta haka nan. Ku daina kallona.