Telolin da ke Cikin Jini

"Malama, wai ta yaya allura take hana ciwon da bai ma zo ba?"

Wani yaro ne a gaban layi ya tambayi malamar asibiti. Ranar an zo makaranta yin rigakafin ƙyanda. Wata yarinya tana can ƙarshen layi. Ta ji tambayar, amma ba ta tsaya jin amsa ba. Idonta na kan allurar.

Sai ta lura da wani abu. Duk wanda aka yi wa, akan shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa. Ta sulale ta koma aji, ta ciro biro, ta yi ta goga wa farcenta har ya yi shuɗi. Da malamin aji ya ce kowa ya nuna hannunsa, ita ma ta ɗaga nata.

A gida Umma ta duba yatsan ta sa mata albarka. Baba tela ne, shagonsa na jikin gidan. Ya leƙo daga kan keken ɗinki ya ce ai Uwata jaruma ce, allura ma tsoronta take ji. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta je ta ɗauki ƙaninta jariri tana yi masa wasa.

Bayan wasu makonni sai zazzaɓi ya rufe ta. Idanunta suka yi ja, tari ya sa ta gaba. Ƙuraje suka feso daga bayan kunne har fuska. A asibiti malamar ta ce ƙyanda ce. Umma ta ce ai kuwa an yi mata rigakafi, da idonta ta ga tawadar.

"Biro ne, Umma," in ji yarinyar, muryarta can ƙasa. "Ni na shafa."

Umma ba ta yi faɗa ba. Sai kawai ta juya ta kalli jaririn da ke bayanta. Wannan kallon ya fi duka zafi.

Malamar ta ce jaririn bai isa rigakafi ba tukuna, kuma ƙyanda ba ta yi wa jarirai da sauƙi. Dole a nisanta shi, a sa masa ido. Sannan ta dafa kan yarinyar ta yi mata bayani. Ta ce a cikin jini akwai 'yan mitsi-mitsin masu tsaro. Idan sabuwar ƙwayar cuta ta shigo, ba su san ta ba. Sai sun gane siffarta kafin su haɗa abin da zai kama ta, kuma hakan yana ɗaukar kwanaki. Rigakafi yana nuna musu ƙwayar da aka raunana, don su shirya tun da wuri.

Umma ta tafi gidan Gwaggo da jaririn. Kaka ce ta zo jinya. Gidan ya yi shiru, sai ƙarar keken Baba ta cikin bango.

Wata rana da azahar, rana ta ratso jan labulen ɗakin. Keken yana ta kar-kar-kar. Idon yarinyar ya yi nauyi.

Sai ga ta a bakin wani jan kogi mai ɗumi. Wasu baƙi masu ƙaya a jiki suna ta iyo a ciki, suna fasa ƙofofi. Wani ɗan aike ya yagi gefen rigar ɗayansu, ya ruga da shi. Ta bi shi har wani dogon shago. Aka ce mata nan gefen wuyanta ne, inda kaluluwa ta fito.

Shagon cike yake da ƙananan teloli farare. Kowa da awon da ya iya, ba ya iya na wani. Ɗan aiken ya yi ta gwada yankin rigar daga keke zuwa keke. Bai dace da na wannan ba, bai dace da na wancan ba. Can a lungu sai ya dace da na wani tsaf.

Telan nan ya miƙe ya zama biyu. Biyun suka zama huɗu. Kafin ta ƙifta ido sun cika shagon. Suka duƙufa ɗinka 'yan riguna marasa wuya, marasa hannu, suna watsawa cikin kogin. Duk baƙon da riga ta hau kansa, sai ya kasa motsi, masu shara su kwashe shi. Wasu kuma suka bi ɗaki-ɗaki suna zaƙulo baƙin da suka ɓuya.

Wata tela ta naɗe tef ɗinta ta rataya a wuya. Ta ce ita ba inda za ta, za ta zauna ta riƙe awon nan har yarinyar ta tsufa.

"Amma ke ma kin wahalar da mu," in ji ta. "An kawo mana awo har makaranta, kika gudu. Ko babanki ba ya son aikin gaggawa."

Yarinyar ta farka sharkaf da gumi. Kaka ta taɓa goshinta ta ce, to, 'yar biro, jiki ya yi sanyi.

Kullum sai ta tambayi Baba labarin ƙaninta. Kullum sai ya ce lafiya lau, a dai ci gaba da addu'a. Da ƙurajen suka baje, kwanakin da malamar ta ɗiba suka cika, Umma ta dawo. Fatar jaririn sumul, ko ƙurji ɗaya babu. Ya kama hancin yayarsa yana dariya.

"Kin gani ko?" in ji Umma. "Rigakafi ba don ke kaɗai ba ne, har da wanda bai isa a yi masa ba. Kuma ƙarya ba ta kare kowa daga ciwo."

Yarinyar ta ce ta gane, ba za ta sake ba. Ta so ta ba su labarin telolin, har ta buɗe baki. Sai ta tuna halin Baba. Zai yi dariya ya ce ta turo masa biyu su taya shi aiki. Ta shafa wuyanta a hankali, ta yi murmushi. Wannan kam ba za ta gaya wa kowa ba.