Azurfar Injiniya Maitama

Saura kiris ban rubuta labarin nan ba, don mutanen cikinsa duk na san su.

Ranar Talata Injiniya Maitama na garin Germantown, can ƙasar waje, ya kai ƙara: kwabban azurfarsa na Japan guda uku sun ɓace daga akwati. Tsofaffi ne, masu kusurwa huɗu, ya samo su lokacin da yake aiki a Osaka. Ya zargi Chundung, yarinyar da ke jinyarsa a gida. Kamfanin da ya turo ta har ya dakatar da ita.

Insifekta Martina ta duba sauran kwabban. Duk sun yi baƙi.

"Baba, ba ka goge su ne?"

"Allah ya kiyaye. Baƙin nan shi ne darajarsu. In aka goge, sun mutu."

Chundung tana kuka ta ce, "Anti, ko taɓa su ban taɓa yi ba sai da safar hannu. Shi ya koya mini."

Kamal, mijin 'yar Injiniya, yana baranda yana gasa tsire. Ya ce shi ko wurin da akwatin yake bai sani ba.

Martina ta je wani shagon tsofaffin kuɗi a Wheaton ta yi cigiya, mai shagon ya girgiza kai. "An kawo mini uku jiya, suna walƙiya kamar cokali. An kankare su da toka, har warin lemun tsami suke. Na ƙi saye."

Martina ta tuna: haka kakarta ke wanke awarwaro a Kagoro.

Ta koma gidan, ta wuce baranda. Ga ɓawon lemun tsami a kwandon shara, ga tsumma baƙi ƙirin a bayan murhun gashi.

"Malam Kamal, tsire ake gogewa da tsumma?"

"Murhu na goge."

"To mu je Wheaton mai shagon ya gan ka."

Kamal ya zauna. Can ya ciro kwabban daga aljihu, ya miƙa wa Injiniya.

"Baba, na ɗauka in sun yi haske za su fi tsada."

Injiniya ya karɓa, ya juya su a tafin hannu. "Shekara ɗari da hamsin ka wanke," ya ce a hankali.

Aka tafi da Kamal.

Washegari da safe Martina ta kira kamfanin, aka mayar da Chundung aiki. Chundung ta yi godiya, sannan ta roƙi a canza mata gida.